So Hana Ganin Laifi: Transformers Kashi na Biyu a Idon Masoyinsa

Ranar 24 ga Yunin 2009 aka fara haska Transformers: Revenge of the Fallen a gidajen silima na Amurka. Shi ne kashi na biyu na fim ɗin nan na motocin da ke rikiɗa su miƙe tsaye su zama ƙattan ƙarfe masu magana da faɗa. Cikin kwana biyar kacal ya tara dala miliyan 200 a Amurka kaɗai. Da aka rufe lissafi, abin da ya shigo daga duniya baki ɗaya ya kai dala miliyan 836, alhali kuɗin shirya shi kusan miliyan 200 ne. Cikin finafinan da suka fito a shekarar, Avatar ne kawai ya fi shi ciniki a Amurka.

Masu sharhin finafinai kuwa kaca-kaca suka yi masa. Roger Ebert, wanda a lokacin babu mai sharhin da ya kai shi suna a Amurka, tauraro ɗaya ya ba shi cikin huɗu. A watan Maris na 2010, a bikin Razzie da ake yi duk shekara don yi wa finafinan da suka lalace ba'a, fim ɗin ya kwashe kambu uku: mafi munin fim, mafi munin darakta, da mafi munin rubutun labari. Ba a daɗe ba jarumin fim ɗin, Shia LaBeouf, ya fito ya ce aikin bai burge shi ba. Shi ma darakta Michael Bay daga baya ya amsa cewa labarin bai yi ba.

Ni masoyin waɗannan finafinai ne, kuma har gobe idan na ji ƙarar nan ta ƙarfe na shiga cikin ƙarfe lokacin da mota ke rikiɗa, sai na ɗaga kai. Don haka ba da ƙiyayya zan yi magana ba. So nake mu duba yadda aka yi fim ɗaya ya zama abin dariya a wurin masu sharhi, kuma ya cika aljihun masu shi. Wanda ya gane wannan ya gane yadda kasuwar manyan finafinan Hollywood take tafiya, ya kuma san matsayinsa a cikinta shi ɗan kallo.

Daga kanti aka faro

Yawancin finafinai daga littafi suke fitowa, ko daga tarihi, ko daga kan marubuci. Transformers daga kantin kayan wasan yara ya fito. A farkon shekarun 1980 wani kamfanin Japan mai suna Takara yana ƙera ƙananan motocin wasa waɗanda yaro zai lanƙwasa nan, ya juya can, ya zaro hannu da ƙafa, sai ga mutum-mutumi a tsaye. Diaclone da Micro Change ake kiransu. A 1983 wakilan kamfanin Hasbro na Amurka suka gan su a baje kolin kayan wasa a Tokyo, suka sayi izinin sayar da su, suka haɗe su ƙarƙashin suna guda, suka shigo da su kasuwar Amurka a 1984.

Hasbro ya san halin yara: sun fi nacewa kan abin wasan da yake da suna, da hali, da abokin gaba. Sai ya nemi kamfanin Marvel, masu buga littattafan labaran zane, su ƙirƙiro wa motocin tarihi. Daga nan aka sami duniyar Cybertron da yaƙin basasa ya cinye, da Autobots masu kirki ƙarƙashin Optimus Prime, da Decepticons masu mugunta ƙarƙashin Megatron. Wani marubucin Marvel, Bob Budiansky, shi ya raɗa wa da yawansu suna, ya rubuta halayensu da ake bugawa a bayan kwali. A 1984 ɗin kuma aka fara nuna katun ɗinsu a talabijin. Lokacin ya zo musu daidai, domin gwamnatin Ronald Reagan ta sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara. Kowane shiri na rabin awa ya zama nishaɗi ga yaro, ya zama talla ga kamfani.

Amma wani abu ya faru da kamfanin bai yi tsammani ba. A 1986 aka fitar da fim ɗin katun na silima, aka kashe Optimus Prime tun kafin a yi nisa, tare da wasu tsofaffin jarumai. Dalilin na kasuwanci ne: ana son kwashe tsofaffin kaya daga kanta a jera sababbi. Yara suka yi ta kuka a silima, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi. A 1987 dole aka dawo da shi da rai. Ashe abin da kamfani ke gani a matsayin haja, yaran nan uba suke ganinsa. Peter Cullen, mai yin muryar Optimus tun 1984, ya sha faɗin cewa daga ɗan'uwansa, tsohon sojan da ya yi yaƙin Biyetnam, ya kwaikwayo muryar: jarumi mai ƙarfi wanda ba ya ihu, ba ya fariya. Yaran 1984 su ne magidantan 2007, kuma ƙaunar da suka taso da ita ita ce jarin da aka gina finafinan a kai.

An sa rana kafin a sami labari

Fim na farko, na 2007, ya yi nasara saboda labarinsa ƙarami ne, kowa zai iya riƙe shi. Steven Spielberg, wanda ke cikin manyan furodusoshin, shi ya ba da shawarar a gina shi kan yaro da motarsa ta farko. Sam Witwicky ya sayi tsohuwar mota mai ruwan ɗorawa, ashe Bumblebee ce, ɗaya daga cikin Autobots. Sai da aka ja wa ɗan kallo rai kafin a nuna masa Optimus. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 700, kuma ya ƙare a rufe: an kashe Megatron, an jefa gawarsa a ƙasan teku, an lalata abin da ake faɗa a kansa.

Mu a nan mun saba da kashi na biyu tun zamanin kaset da faifan CD, inda ake raba labari ɗaya gida biyu a tsaya daidai inda ya ɗauko daɗi. Na Hollywood daban yake. Labari ya riga ya ƙare, ciniki ne ke sa a koma a nemo sabon dalilin faɗa. A watan Satumba na 2007 kamfanin Paramount ya sanar cewa kashi na biyu zai fito a ƙarshen Yunin 2009. A lokacin babu rubutaccen labari. Rana irin wannan kuma ba ta ɗaguwa cikin sauƙi, domin lokacin hutun bazara ne da silima ta fi cika, kuma masu ƙera kayan wasa da masu talla duk sun ɗora shirinsu a kanta.

Ana cikin haka, ranar 5 ga Nuwamban 2007, marubutan fim da talabijin na Amurka suka shiga yajin aiki, wanda bai ƙare ba sai 12 ga Fabrairun 2008, kwana 100 ke nan. Marubuta uku da aka ɗauka, Roberto Orci da Alex Kurtzman da Ehren Kruger, taƙaitaccen tsarin labari kawai suka iya miƙawa kafin su ajiye alƙalami. Bay bai jira ba. Ya faɗaɗa tsarin da kansa, aka ci gaba da neman wuraren ɗaukar hoto, masu zane kuma suka ci gaba da tsara fitowar faɗa a kwamfuta. Da marubutan suka dawo, sai suka tarar an riga an yanke inda za a yi faɗa da irin ƙattan da za su yi shi. Aikinsu ya koma neman hanyar da za ta kai jarumi daga wannan fagen zuwa wancan. A tsakiyar 2008 aka kunna kamara. A watan Yuli kuma LaBeouf ya yi haɗarin mota ya ji ciwo a hannun hagu, dole aka cusa raunin cikin labari. Bandejin da ake gani a hannunsa a rabin fim na ƙarshe ba na wasa ba ne. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma duk wanda ya kalli fim ɗin zai ga inda saurin ya bar tabo.

Ga labarin a taƙaice. Sam ya tafi jami'a, wani gutsuren ƙarfe da ya rage daga fim na farko ya cika masa kai da baƙin rubutu. Decepticons suka tayar da Megatron daga teku. Ashe shi ma yana da ubangida, wato Fallen, wanda tun shekara 17,000 kafin haihuwar Annabi Isa ya so ya zuƙe ranar duniyarmu da wata na'ura, 'yan'uwansa suka hana shi. Na'urar tana ɓoye a cikin dalar Giza ta Masar, makullinta kuma yana Petra ta ƙasar Jodan. Babu mai iya kashe Fallen sai jinin gidan Prime, kuma Optimus ne kaɗai ya rage.

Inda fim ɗin ya haɗu

A tsakiyar fim akwai fitowar da ko maƙiyansa suna sara mata, wato faɗan cikin daji. Optimus shi kaɗai, Sam yana gudu tsakanin itatuwa, ga Megatron da Starscream da Grindor sun yi masa taron dangi. A nan Bay ya yi abin da bai cika yi ba: ya ja kamara baya, ya bar ido ya ga waye ke dukan wa. Itatuwan suna nuna maka girman ƙattan, domin kana ganin bishiya tana karyewa kamar kara idan ɗayansu ya faɗa mata. Launi ma ya taimaka, ja da shuɗin Optimus a tsakiyar toka-tokar abokan gaba. An doke shi ya faɗi, ya tofar da gutsuren ƙarfe daga baki, ya miƙe ya zaro takubba biyu masu ja kamar garwashi. Ya sare hannun Starscream, ya haye kafaɗar Grindor ya sa ƙugiya biyu ya tsaga masa kai. Sai ya tsaya yana waige-waige, yana neman yaron. A wannan waigen ne Megatron ya zo ta baya ya soke shi, ya harbe shi ta ƙirji. Ɗan kallon da ya taso da ƙa'idar nan ta cewa akta ba ya mutuwa, sai ya ga akta a kwance, hasken idonsa ya dushe.

Fitowar ta yi aiki ne saboda ka san abin da kowa yake so, ka san abin da za a rasa. Tausayin Optimus ga yaron shi ya ja masa mutuwa, kuma halin nan ne yaran 1984 suka so shi dominsa. 'Yan mintoci ne, amma sun nuna irin fim ɗin da za a iya samu da an ba labarin lokaci.

Ta fannin aikin kwamfuta kuwa, sai dai a jinjina. Kamfanin Industrial Light and Magic, wanda George Lucas ya kafa a 1975 don Star Wars, shi ya yi mafi yawan aikin. Ba zane ɗaya ake yi a motsa ba. Kowane mutum-mutumi ana gina shi a kwamfuta gunduwa-gunduwa, da taya da fistan da ƙofa da gilashi, kuma kowace gunduwa sai an san inda za ta shige idan ya rikiɗa. Optimus na fim na farko yana da gunduwa fiye da 10,000. Devastator na kashi na biyu, wanda katafila da tifa da buldoza da motar kwaɓa siminti da sauran motocin gini ke haɗuwa su zama shi, yana da fiye da 50,000. Bayan an gina, sai kwamfuta ta lissafa yadda hasken rana zai bugi kowane ƙarfe, da inuwa, da ƙura. Wasu hotunan da aka shirya don babban allon IMAX sun ci awa 72 kowane ɗaya, ga shi kuwa hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Ma'ana, daƙiƙa ɗaya irin wannan za ta cinye wa na'ura guda kwana 72, shi ya sa ake raba aikin ga ɗimbin na'urori suna yi dare da rana. Sautin fim ɗin ma ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Oscar. Wanda ya kalle shi a ƙaramar waya ko a faifan da aka kwafa aka sake kwafa, rabin abin da aka kashe wa kuɗin bai iso gare shi ba.

Inda ya zube

To amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Fim ɗin ya kai awa biyu da rabi, kuma yawancin lokacin gudu ake yi ana ihu ana bayani. Makulli yana kai ka ga wani makulli, alama tana kai ka ga wata alama. Idan marubuta suka maƙale, sai a fito da wani tsoho ya zauna ya karanto tarihi. Tsohon nan shi ne Jetfire, jirgin leƙen asiri samfurin SR-71 da ke ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian kusa da Washington. Ya fasa bango ya fita, sai ga su a filin ajiye tsofaffin jirage na Tucson a jihar Arizona, tazarar kusan kilomita 3,000. Haka aka yi wa Masar da Jodan. Tsakanin Giza da Petra akwai fiye da kilomita 400, ga hamadar Sinai a tsakani, amma a fim sai ka ɗauka unguwa ɗaya suke.

Ɗan kallo zai iya yafe wannan. Abin da ya fi ciwo ga masoyi shi ne yadda aka wulaƙanta ƙattan da ya zo dominsu. Bayan mutuwar Optimus sai fim ya koma na mutane, ana barkwanci ana tafiya. Autobots irin su Ironhide da Ratchet da kyar suke samun magana. Decepticons da yawa babu suna, babu fuska, duk launi ɗaya, idan aka kaure da faɗa ba ka sanin wa ya faɗi. Devastator da aka kashe wa watanni ana ginawa ya zuƙi yashi, ya hau dala ya ɓarke ƙoƙonta, sai wani jirgin ruwan yaƙi ya harbo shi daga nesa, shi ke nan. Bai ko haɗu da Optimus ba. Shi kuwa Fallen, bos ɗin da aka sa sunansa a kan fim, aka yi awa biyu ana tsorata mu da shi, kafin ka gyara zama Optimus, da aka dawo da shi da rai a ƙarshe, ya gama da shi.

Sai tagwayen nan na Autobots, Skids da Mudflap. An ba su manyan kunnuwa, ɗaya da haƙorin zinariya, suna magana da salon matasan baƙar fata na biranen Amurka, suna zage-zage suna dambe da juna, har suka ce su ba su cika karatu ba. Mutane da yawa suka ga an dawo da tsohuwar al'adar wasan kwaikwayon Amurka ta mayar da baƙar fata abin dariya, an sa mata rigar ƙarfe. Masu fim sun kare kansu cewa raha ce kawai, amma a kashi na uku ba a sake ba su fitowa ba.

Akwai kuma abin da ya kamata iyaye su sani. Da yake motoci ne da mutum-mutumi, wasu na ɗauka fim ɗin yara ne, su kunna musu su tafi. A Amurka kanta an yi masa alamar PG-13, wato ana gargaɗin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba. Akwai barkwancin batsa, akwai fitowar da mahaifiyar Sam ta ci kek mai tabar wiwi ta yi ta shirme a harabar jami'a, kuma yadda kamara ke bin jikin jaruma Megan Fox ba shi da alaƙa da labari ko kaɗan.

Su wa kuma ke cikin fim ɗin

Idan fim ya ci dala miliyan 200, ba darakta da 'yan wasa kaɗai ke da hannu a ciki ba. Na farko Hasbro: duk sabon ƙaton da ya bayyana a allo, akwai ƙaraminsa a kwali yana jiran mai saye. Wannan na cikin dalilan da suka sa kashi na biyu ya cika maƙil da sababbin fuskoki da babu lokacin sanin su.

Na biyu kamfanin motoci na General Motors. A katun na 1984 Bumblebee ƙaramar Volkswagen ce, irin wadda muke kira ƙwaro ko ladi. A fim sai ta koma Chevrolet Camaro, motar da aka daina ƙerawa a 2002, aka nuna sabon samfurinta a fim na 2007 tun bai shiga kasuwa ba. A 2009 ya shiga, daidai lokacin kashi na biyu. Ironhide motar GMC ce, Ratchet kuma Hummer. Abin mamaki, ranar 1 ga Yunin 2009, makonni uku kafin fitowar fim ɗin, General Motors ya shigar da takardar karayar arziki a kotu. Motocinsa na ceton duniya a allo, shi kuma gwamnati na ceton sa da kuɗin haraji.

Na uku sojojin Amurka. Ma'aikatar tsaro ta Pentagon tana da ofishin hulɗa da masu shirya fim. Tana ba da aron jirage da tankoki da sansanoni da sojoji na gaske, bisa sharaɗin ta karanta labarin ta gamsu da yadda aka nuna soja. Kashi na biyu ya sami wannan tallafi sosai, kuma yawancin yaƙin da ake cewa a Masar ake yi, a White Sands ta jihar New Mexico aka ɗauke shi, yankin da sojoji ke gwajin makamai. Sai ka duba abin da ya fito a allo. Sojan Amurka jarumi ne mai hankali. Jami'in farar hula da fadar shugaban ƙasa ta turo, mai tambayar ko zaman Autobots a duniya ne ke janyo yaƙin, shi aka mayar sakarai har aka yaudare shi ya faɗo daga jirgi da lema. Dakarun Amurka sun sauka a ƙasar Masar sun buɗe wuta, babu inda aka ga wani ya nemi izini. Jiragen Jodan da suka kawo ɗauki nan take aka kakkaɓo su. Mutanen ƙasar kuwa ba su wuce masu gudu a bayan fage ba, sai wani mai gadin shinge da aka yi dariya da shi.

Dalar kanta an mayar da ita murfin na'urar baƙi daga sama. Wasa ne, amma yana shayar da tsohon zancen nan na cewa mutanen Afirka ba za su iya irin wannan gini da kansu ba. Tarihi ya tabbatar da cewa Misirawa ne suka gina dalolin Giza kusan shekara 4,500 da suka wuce, kuma masu tonon kayan tarihi sun gano garin ma'aikatan da kaburburansu a gefen wurin. Babu wanda ya ce a nemi darasin tarihi a fim ɗin motoci masu faɗa. Sai dai yana da kyau mutum ya san ta idon wa yake kallon duniya na tsawon awa biyu da rabi.

Abin da alƙaluma ke faɗa

Mu koma kan tambayar kuɗi. Masu kare fim ɗin sukan ce, tunda ya tara miliyan 836, ai jama'a sun yanke hukunci, masu sharhi su yi shiru. Amma tikiti kafin kallo ake sayen sa. Mai abincin da ya yi suna, layin da ke gabansa yau na girkin jiya ne. Idan ya ɓata na yau, yau ɗin ma zai sayar ya ƙarar, sai gobe da jibi layin zai fara raguwa. Mutanen da suka yi cincirindo a Yunin 2009 daɗin fim ɗin 2007 ne ya kawo su.

Cinikin cikin Amurka ya nuna haka. Fim na farko ya tara dala miliyan 319. Na biyu 402. Daga nan sai gangara: Dark of the Moon na 2011 ya tara 352, Age of Extinction na 2014 ya tara 245, The Last Knight na 2017 ya tsaya a 130. Kashi na biyu shi ne ƙololuwa, daga kansa aka fara sauka. Abin da ya rufe wannan rami na ɗan lokaci shi ne tikitin 3D mai tsada da kuma kasuwannin waje. Fim na uku da na huɗu kowanne ya haura dala biliyan ɗaya a duniya. Na huɗun ya fi ciniki a ƙasar Sin fiye da Amurka, ba mamaki kuwa, tunda an kai yaƙin ƙarshe Hong Kong an kuma cika fim ɗin da tallan kayan Sin. A 2017 waje ma ya gaji, jimillar ta faɗo zuwa kusan miliyan 600. Akwai wasu dalilai, kamar tashen finafinan Marvel da sauyin yadda mutane ke kallo, amma gajiyar 'yan kallo tana gaba-gaba.

Wanda ya biya bashin shi ne abin takaici. A 2018 Travis Knight ya ba da umarnin Bumblebee, ya mayar da ita ƙaramar Volkswagen, ya rage hayaniya, ya koma kan yarinya da motarta. Masu sharhi suka yaba masa fiye da duk na baya, amma bai kai dala miliyan 500 ba. A 2024 aka fitar da Transformers One, katun mai ba da labarin yadda abotar Optimus da Megatron ta rikiɗe ta zama gaba. Masoya da masu sharhi sun haɗu a kan cewa yana da kyau. Kusan miliyan 130 kawai ya tara a duk duniya. Masu kyawun sun zo bayan layi ya watse.

Wannan ne ya sa ban yarda da masoyin da ke ganin duk wanda ya soki fim ɗin maƙiyi ne ba, ko mai cewa ai fim ɗin faɗa ne, a ajiye tunani a ƙofa. Faɗan cikin daji shi ma faɗa ne, kuma ya yi daɗi ne saboda an yi tunani a kansa. Kamfani ba ya jin yabo ko zagi kamar yadda yake jin lissafi, kuma idan ya ga an cika silima a kan aikin gaggawa, darasin da zai ɗauka shi ne gaggawa ba ta da laifi. Yaran 1986 da iyayensu sun nuna ɓacin ransu, aka dawo musu da Optimus cikin shekara guda. Masoyan 2009 da yawa suka ce a bar su su more, aka yi shekara takwas ana ƙara musu irin abin da suka nuna za su iya haɗiyewa.

Wanda bai taɓa kallon Revenge of the Fallen ba, ya kalla, a babban allo idan da hali, da sauti mai kyau, ba tare da ƙananan yara ba. Zai ga aikin ɗaruruwan masu fasaha da suka cancanci yabo, zai kuma ga abin da ke faruwa idan aka sa wa fim rana kafin a san abin da zai faɗa. Idan ya tashi, ya raba biyun: ya yaba wanda ya cancanta, ya faɗi laifin da ya gani a fili. Masoyin da ke yin haka shi ne ke da amfani ga abin da yake so.